Ƙarfen da Yahuza Tela Ya Kafa a Gindin Aduwa

Maraicen ya zo kamar kowane maraicen bazara a Tanut. Rana ta gangara, zafin da ya wuni a kan yashi ya fara sassautawa, awaki suna dawowa daga daji kowace tana shiga gidansu ba mai kora ta. A gidan Yahuza tela, matarsa Salamatu tana kwashe tuwo, ragon layya yana ɗaure a turke yana tuƙa. Shi maigidan yana zaure, a durƙushe gaban injinsa na wuta, yana duba mai.

"Sakinatu," ya kira ba tare da ya ɗago ba, "kin zuba wa ƙarfen ruwa?"

"Yanzu zan zuba, Baba."

Yarinyar ta ɗauki ƙwaryar ruwan gishiri ta nufi gindin aduwar da ke bayan ɗakin uwarta. Shekararta tara. Ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yan da Allah ya ba su. Uku sun riga ta tafiya, kuma Yahuza da hannunsa ya yanka musu likkafani, da hannunsa ya kai su maƙabarta. Saboda haka ko tuntuɓe Sakinatu ta yi, gidan duka ne ke jin zafi.

Da aka idar da magariba Yahuza ya dawo daga masallaci ya ja igiyar inji. Injin ya yi tari, ya kama, wuta ta haska zaure da tsakar gida. Suka zauna kan tabarma. Bai kai loma ta biyu baki ba sai hasken ya fara ja, ya yi ƙasa, ya dawo, ya sake yin ƙasa, alhali inji yana ta ruri bai sauya murya ba. Can sai ƙwan lantarkin tsakar gida ya fashe. Yahuza ya lalubi hanya zuwa zaure ya kashe inji, gidan ya yi shiru, irin shirun da har numfashin rago ake ji. A cikin shirun nan dutse ya faɗo tsakiyar tabarma, dab da akushi.

Salamatu ta kunna fitilar ƙwai. Yahuza ya ɗauki dutsen, ya juya shi, ya ce yaran unguwa ne. Amma bai ajiye shi da wuri ba, domin dutsen a jiƙe yake, kuma a wannan watan ba inda mutum zai sami jiƙaƙƙen dutse a duk Damargu.

Sai na koma baya kaɗan, don a san inda ƙarfen nan ya fito.

A shekarun nan da ƙasa ba ta daɗe da samun 'yanci ba, in ka cire gidan kumandan mai mulkin gari, ba wanda ke da kuran, wato wutar lantarki, a unguwar sai Yahuza. Wani Balarabe ɗan kasuwa ne zai tashi, ya sayar masa da ƙaramin inji. Ba don alfahari ya saya ba, ko da yake ɗan alfaharin bai rasa shiga ba. Ɗinkin dare a fitilar ƙwai ya fara cin idonsa, zare ya fara ƙin shiga allura. Aka ɗauko Barmo, mai aikin lantarki, tun daga Damagaram, ya ja waya, ya rataye ƙwai, ya koma. Ranar da wutar ta fara kamawa, mutanen ƙauye har sallama suka riƙa yi don su ga fitilar da ba ta da lagwani.

Shekara ta kusa zagayowa sai ƙyauren zaure, wanda na kwano ne, ya fara cizo. In inji na aiki, duk wanda ya dafa shi sai ya fizge hannu. Yahuza ya ba direban motar kasuwa saƙo zuwa wurin Barmo. Amsa ta dawo: zai zo, amma kuɗin mota zuwa da komowa a kan maigida, ci da masauki a kan maigida, sannan ladan aiki, kuma ladan yana nan ko an sami ɓarna babba ko ƙarama, don duban ma aiki ne. Yahuza ya haɗa a ransa, ya ga abin ya kai kuɗin ragon da ke turke.

"In sayar da ragon layya don ƙofa na cizo?" ya ce da Salamatu. "Ai sai a yi mini dariya a kasuwa."

Ba marowaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Tela ne kawai, mutumin da ko ƙyalle kamar tafin hannu ba ya yarwa. Sai ya je wurin Gajere, wanda ke tayar da injin gidan kumandan, shi kuwa Gajere bai taɓa jin tambayar da ba shi da amsarta ba. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, wutar ce ba ta da ƙasa. A sami dogon ƙarfe a kafa a wuri mai laima, a ɗaura waya daga ƙyaure zuwa ƙarfen, a zuba gawayi da gishiri, kullum kafin a tayar da inji a ba shi ruwa. Haka ya ga Turawa na yi.

Wuri mai laima a Tanut, cikin bazara! Yahuza ya zagaye gidan, ko'ina yashi ne busasshe. Wuri ɗaya tak ke da sanyi, gindin aduwa, inda randuna ke tsatsafa shekara da shekaru. Marigayiya mahaifiyarsa ba ta taɓa wucewa ta nan ba sai ta yi sallama. Ba ta bari a yi daka a wurin, ba ta bari a watsa ruwan zafi, kuma ba ta taɓa faɗin dalili ba. Da guduma a hannunsa Yahuza ya tuna da ita, ya ce a ransa tsofaffi da camfi, ya ɗaga ya buga. Ƙarfen ya ɗan yi gardama, daga nan ya shige sumul, kamar ƙasan rami ne. Salamatu tana tsaye da muciya tana kallo, ranar kuwa ba ta ci tuwo ba.

Ƙyaure kuwa ya daina cizo. Yahuza ya yi kwanaki yana ba abokan ɗinki labarin yadda ya tsirar da ragonsa. Araha dai ba ta ado, amma wa zai gaya masa a lokacin?

To, wannan shi ne ƙarfen da ake aiken Sakinatu ta ba ruwa kowace magariba.

Washegarin faɗuwar dutse Yahuza ya ajiye ɗinkin Sallar mutane ya shiga neman ɓarna. Ya sauya ƙwai. Ya tace mai da ƙyalle. Ya bi waya da yatsa daga zaure har ƙuryar ɗaki, ya ɗaure inda ya ga ya saki. Ya buɗe ɗan akwatin bango ya tarar siririyar wayar da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa ta narke, ya sa wata. Da rana in ya gwada, komai lafiya lau. Da magariba ta yi, an zuba ruwa, an ja igiya, sai hasken ya yi ja ya mutu, duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba su taɓa samun kowa ba. Kashegari ya sake gyarawa. Taurin kai irin na mai sana'ar hannu ya kama shi, ya rantse sai ya gano wurin da abin yake.

Bayan duwatsu sai murya. Ba ihu ba ce, ba dariya ba. Murya ce ta mace, can ƙasa-ƙasa, irin ta mai rarrashin jariri, tana fitowa daga bayan ɗaki da zarar rana ta faɗi. Salamatu ta ji ta, ta riƙe bakinta. Yahuza ya ji ta, ya ce iska ce a cikin ƙayar aduwa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar garwashi.

Sannan abin ya sauka a kan Sakinatu. Ta daina cin abinci, ta daina wasan 'yar tsana. Jikinta ya yi zafi, idonta ya faɗa. Da la'asar sakaliya sai ta tashi daga shimfiɗa, ta je ta zauna nesa kaɗan da aduwa, ta haɗa hannuwa a ƙirji kamar mai riƙe da goyo, tana jijjigawa. In an kira sunanta ba ta waiwayo. In an ɗauke ta sai ta yi nauyin da ba na yarinya ba.

Wata safiya Salamatu ta tarar da mijinta a zaure yana kwance waya.

"Maigida," ta ce, "uku na binne. In ka bari na binne ta huɗu a kan fitila, ba zan yafe maka ba."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba tun aurensu. Yahuza ya ajiye abin da ke hannunsa. Har a lokacin zuciyarsa tana kan waya, yana ganin ko wutar ce ta taɓa yarinyar ta juya mata kai. Ranar kasuwa ya kwance ragon ya ja shi da kansa, ya sayar a ƙasa da yadda ya saya, ya aika wa Barmo kuɗin mota.

Barmo ya iso da hantsi, dogo, mai ƙarancin magana, da jakar fata a kafaɗa. Ya sha fura, ya ce a tayar da inji. Bai fara da inda Yahuza ya fara ba. Ya tambayi abin da ya fara lalacewa, aka ce ƙyaure ne. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe ta, ya rufe, ya ɗaga kai. Can sama, inda waya ta ratsa ta kan ƙofa, bakin kwanon ya yi ta gogar ta har fatar ta yanke, jan ƙarfen ciki ya fito yana taɓa ƙyaure. Ya kashe inji, ya naɗe wurin, ya ɗaga wayar ya kafa ta a bango da ƙusa. Bai kai lokacin da mutum zai tauna goro ɗaya ba.

"Shi ke nan ɓarnar?" Yahuza ya tambaya, muryarsa ta yi sanyi.

"Shi ke nan. Amma wannan wayar da ke bin ƙasa fa, wa ya ja ta?"

Suka bi ta har gindin aduwa. Barmo ya tsuguna ya dubi ƙarfen, ya dubi gishirin da ya yi fari a kewaye, sannan ya ɗago ya ce:

"Malam Yahuza, ƙarfen ƙasa abu ne mai kyau in waya lafiya take. Amma kai ba ka warkar da ciwon ba, hanya ka yi masa. Wutar da ke cizon mutane a ƙofa, ita ka kwaso ka kawo nan. Tun ranar da ka kafa shi, duk daren da inji ya tashi, wuta ce ke zuba cikin ƙasar nan."

Ya kai hannu zai girgiza ƙarfen. Sai aka yi magana daga bayansu.

"Kada ka taɓa. Wanda ya kafa, shi zai cire."

Sakinatu ce a bakin ƙofar ɗaki, ita da ta kwana biyu ba ta iya tsayuwa. Bakinta ne ya motsa, amma muryar ta babbar mace ce, wadda kuka ya dusashe. Barmo ya janye hannunsa a hankali, ya miƙe, ya rataya jakarsa.

"Aikina a waya ya tsaya," ya ce. "Wayarka ta gyaru. Abin da ya rage, ka nemi malami."

Ya karɓi ladansa cif, don haƙƙinsa ne, ya bi motar da ta kawo shi. Yahuza ya zauna a zaure, ba rago, ba kuɗin rago, ga inji lafiyayye da ba ya ko son kallo. Ya ji kunya, ya ji tsoro, kuma tsoron ya fi yawa.

Malam Jibo aka ɗauko daga Ollelewa, tsohon Bafillace mai farin gemu, wanda aka sani da aikin iskoki tun daga nan har Gangara. Ya zo a kan jaki, ba ya ɗauke da komai sai buta da carbi da ɗan ƙunshin turare. Bai tambayi inji ba. Yana shiga tsakar gida ya juya wajen aduwa ya yi sallama, kamar yadda ake yi wa mutum. Yahuza ya sunkuyar da kai.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Aka kwantar da Sakinatu, uwarta tana riƙe da ƙafafunta, ubanta yana durƙushe a gefe. Malam ya zuba turare a garwashi, ya dafa goshin yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida. Kaji suka yi tsit. Daga nan jikin yarinyar ya sandare, ta tashi zaune, ta buɗe idanu waɗanda ba su san kowa a gidan ba.

"Ya isa, Malam. Ni ma Musulma ce, karatunka ba ya ƙona ni. An riga an ƙona abin da za a ƙona."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu. Na riga kakan wannan mutumin zama a gidan nan. Uwarsa ta san da ni, ta yi mini sallama har ta mutu, ni kuma ban taɓa ɗaukar musu ko tsinke ba."

"To me ya haɗa ki da yarinya?"

Hannuwan Sakinatu suka haɗu a ƙirji.

"Ɗa gare ni, na goye. Na kwantar da shi a sanyi, na fita. Na dawo na tarar an kafa ƙarfe ta tsakiyar ɗakina, ya danne shi. Ƙarfe, Malam, ka san mu da ƙarfe. Aka bi shi da gishiri. Ina tsaye ina jin kukansa, ba ni da ikon matsawa. Da rana ta faɗi sai aka sako wuta." Muryar ta karye, ta dawo. "Bai mutu ranar ba. Ya daɗe."

Salamatu ta saki ƙafafun yarinyar ta toshe bakinta da gyale.

"Na kashe musu fitila don in sami kusantarsa, wannan mutumin ya tashi da safe ya gyara. Na sake kashewa, ya sake gyarawa. Na jefa dutse don su zo su duba, ya ce yara ne. Har yau ɗana yana ƙarƙashin ƙarfen nan, ko gawarsa ban taɓa ba. Hannun da ya zuba gishirin, shi na kama. Ɗa a bakin ɗa. Da ita zan tafi."

Yahuza ya ji ƙasa na juyawa da shi. Duk safiyar da ya tashi da ƙwazo yana bin waya, yana jin daɗin kansa in wuta ta kama, ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba za ki tafi da ita ba," Malam Jibo ya ce, a natse. "Kin ce ke Musulma ce. Yarinya aiken ta aka yi, ba ta san kina nan ba. Shi ma uban bai yi da gangan ba. Kisan kuskure diyya gare shi, ba rai ba. Faɗi abin da kike so. Baƙar akuya? Turare? Farin zane?"

"Akuya ce ta mutu mini?"

"A gina miki wuri a bayan gari, ba mai taɓa ki."

"In kai wa wa?"

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya riƙa karkarwa, gumi yana zuba, amma bakin yana maimaita magana ɗaya, da ita zan tafi, da ita zan tafi. Numfashin Sakinatu ya fara yin sama-sama. Malam ya dubi Yahuza, kuma Yahuza ya ga abin da bai so gani ba a idon dattijon. Rana ta kusa faɗuwa.

Sai Salamatu ta gyara zama. Ta ja gyalenta ta rufe kai, ta durƙusa sosai gaban 'yarta, yadda mace ke durƙusawa in ta shiga gidan makoki.

"Baiwar Allah," ta ce, "ya haƙuri?"

Karkarwar ta tsaya.

"Ashe rashi aka yi miki muna gida ɗaya, ba mu zo mun gaishe ki ba. Allah ya ji ƙansa. Allah ya sa mai ceto ne. Allah ya ba ki dangana." Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. "Na san nonon da ke cika ba mai sha. Sau uku na sani. Ba zan ce ki yafe ba, don ni ma da aka ce in yi haƙuri ban ji ba. Gaisuwa kawai na zo yi miki."

Wallahi ko Malam Jibo, da ya shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa ganin an yi wa aljana ta'aziyya ba. Ya sauke hannunsa daga goshin yarinyar ya bar su.

Kukan da ya fito daga bakin Sakinatu ba mai tsoratarwa ba ne. Kuka ne na uwa, kowa a tsakar gidan ya san irinsa. Salamatu ta rungume ta, suka yi ta yi tare, har ladan ya fara gyaran murya a masallaci.

"Na gan ki duka ukun," muryar ta ce daga baya, a gajiye. "Ina gindin randa ina jin ki. Ban iya zuwa na gaishe ki ba." Ta ja numfashi. "Malam, ga sharaɗina. Ya cire ƙarfensa da hannunsa. A yi wa ɗana sutura irin ta 'ya'yan Musulmi. Shi zai ɗauke shi, ba wani ba, ya kai shi arewa da gari inda ba a noma, ya haƙa, ya fuskantar da shi gabas. In ya yi, na saki 'yarsa, na bar masa gidansa. Ba zan iya zama inda na ji kukan nan ba."

"Kin yi alkawari da Wanda ya halicce mu da ku?"

"Na yi."

Yahuza ya tashi. Ya kama ƙarfen da ya ci guduma kafin ya shiga, ya ja, ya fito ba gardama. Ya shiga zaure ya ɗauko farin alawayyo, ya sa almakashi. Bai auna ba, hannunsa ya san girman. Ya dawo ya tone gindin aduwa da yatsu, ya kawar da gawayi da gishiri, har ya kai wani ɗan rami mai sanyi. Ba komai a ciki da ido zai gani. Malam ya ce ya shimfiɗa ƙyallen a ciki ya naɗe, ya ɗaure kai da ƙafa. Ya yi yadda aka ce. Da ya sa hannu biyu ya ɗago, sai ya ji nauyi.

Ba nauyi mai yawa ba ne. Daidai na jaririn da bai isa yaye ba, kai ya fi ƙafafu nauyi, yana lanƙwasa a kan hannu. Yahuza ya san shi sarai. Malam ya riƙe masa kafaɗa.

Suka fita ta ƙofar baya, Malam a gaba da fartanya, shi a baya da ɗan farin ƙunshi a ƙirji. Mutanen da ke fitowa daga masallaci suka gan su, suka ɗauka Sakinatu ce, sai suka ga ƙunshin ya yi ƙanƙanta. Ba wanda ya tambaya. Wasu tsofaffi suka bi bayansu kawai, kamar yadda ake bin kowace gawa. A arewa da gari, cikin sabara, Yahuza ya haƙa, Malam ya yi salla, aka sa shi aka rufe. Da Yahuza ya miƙe, wata iska mai sanyi ta wuce ta gefensa ta yi arewa, ba ta ko motsa ganye ba.

Ya dawo ya tarar da fitilar ƙwai a tsakar gida, Sakinatu tana jingine da uwarta tana shan kunu a ludayi. Idanunta nata ne. Ya durƙusa ya taɓa goshinta, zafin ya sauka. Ya so ya yi hamdala da ƙarfi, amma yadda take kallonsa ya hana shi.

"Baba, kun kai shi?"

"Mun kai shi."

Ta ajiye ludayin. Ta dubi hannunta na dama, ta juya shi.

"Ni na kashe shi, ko?"

"A'a," Yahuza ya ce. "Ni ne. Ke aiken ki na yi. In an tambaya ranar gobe, ni za a tambaya."

Ta girgiza kai a hankali.

"Ina jin kukansa, Baba. Tun ranar farko, duk sanda na zuba ruwan sai ya ƙara. Na so in gaya maka."

"Me ya hana ki, uwata?"

"Na ga kana murna da fitilar."

Yahuza ya jawo ta ya ɗora kanta a ƙirjinsa, inda ƙasar kabari ba ta gama kaɗewa daga rigarsa ba, ya yi ta shafa bayanta. Ta rayu, ta girma, ta yi aure a Belbeji, ta haifi nata. Amma waɗanda suka san ta sun ce har ta tsufa, in jariri ya yi kuka a gida, ko na wane ne, ko me take yi, sai ta ajiye ta je ta duba.